Tambaya da Amsa: In sayar da shanu don ɗana ya tafi gudu Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana shekara ta biyu a Jami'ar Ngaundere, kuma Allah ya yi masa baiwar gudu. Wani dillali ya ce zai samo masa gurbin karatu kyauta a Amurka ta hanyar wasanni, amma sai na biya kuɗin shiga tsakani. Ƙanena kuwa ya ce lokacin korona jami'o'in can sun rufe ƙungiyoyin wasanninsu. Gaskiya ne? In sayar da shanuna biyu?
Wani uba daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, kuma ka bar shanun nan a turkensu tukuna.

A Amurka wasannin jami'a kasuwa ce. Ƙwallon kwando na maza da ƙwallon Amurka su ke jawo kuɗin talabijin da na tikiti, sauran wasanni a inuwarsu suke ci. Ranar 12 ga Maris 2020 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta soke babbar gasarta ta ƙwallon kwando, sai rabon da ta shirya bai wa manyan jami'o'i ya faɗo daga kusan dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Ga ɗakunan kwanan ɗalibai a kulle, ga filayen wasa babu 'yan kallo. Da aljihu ya yi sanyi, wa aka fara taɓawa? Jami'ar Stanford, duk da arzikinta, ta sanar a Yuli 2020 cewa za ta rufe ƙungiyoyi 11 cikin 36, har da kokawa. Clemson kuma ta ce za ta rufe ta maza masu tsere, wato irin wasan ɗanka. Dukansu sun janye maganar a 2021 bayan ƙorafi da barazanar kotu, amma yaran sun yi watanni zuciya a hannu.

Mu ma nan Kamaru ba mu tsira ba. Gwamnati ta rufe makarantu daga 18 ga Maris 2020, kuma wasannin jami'o'in ƙasa da Ngaundere za ta karɓa a shekarar ba a yi su ba sai 2023. Na je Dang, inda jami'ar Ngaundere take, a kwanakin rufewar ɗauko kayan ɗan yayata. Ɗakunan haya duk kwaɗo ne a ƙofa, mai shayin bakin jami'a ya kife tukunyarsa yana gyangyaɗi. Takalmin gudun yaron na rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Kafin a yi gasar ya gama karatu. Bai taka filin ba ko sau ɗaya. Digirinsa ne ya samo masa aiki.

Na san abin da ke ruɗin yaranmu: Pascal Siakam da Joel Embiid, 'yan Kamaru da suka bi ta jami'o'in Amurka suka yi suna. To su 'yan ƙwallon kwando ne, wasan da ke riƙe da gidan. Mai tsere sau da yawa wani kaso na kuɗin makaranta ake yafe masa, kuma ana iya sabunta yarjejeniyar shekara-shekara. Ragowar, da dala, kanka za ta dawo, kai da ka saba biyan jaka 50 na sefa a shekara.

Dillalin nan kuma bai kwanta mini ba. Masu horarwa na jami'o'in can suna da adireshin imel a shafin jami'arsu, kuma tsawon lokacin da yaro ya ɗauka a tsere shi suke dubawa. Ɗanka ya rubuta musu da kansa, ya haɗa da bidiyo da sakamakon jarrabawarsa. In an yi masa tayi, ku nemi a rubuta muku a takarda: nawa za a biya, shekara nawa, kuma in an rufe ƙungiyar, tallafin zai ci gaba har ya gama? In amsar ta zo, ka aiko mini mu karanta tare.