Ku Tambayi Adda: Abin Niƙa Masoro Zai Niƙa 'Ya'yan Gahawa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tunda alhazai suka fara dawowa saƙonnin da ke shigo min duk suka koma na tsaraba, wannan dabinonsa ya yi ƙwari, wancan turare ya zube masa a jaka, amma na gahawa sun fi yawa, toh su zan ɗauka yau. Masu tambayar firji da sola ku yi haƙuri sai wani satin.

Tambaya: Adda ina wuni. Ni amarya ce a Jekadafari nan Gombe. Uwar mijina ta dawo daga Makka ta ba mu leda guda ta 'ya'yan gahawa, maigida kuma ya ce in dinga dafa masa bayan isha'i. A cikin kayan kicin ɗina akwai ɗan abin nan na niƙa masoro mai kamar kwalba da ake murɗa kansa. Zan iya niƙawa da shi? Wallahi tsoro nake kar in ɓata mata tsaraba ta ji labari.

Amsa: Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba abin da ya ɓaci tukuna, kuma kin kyauta da kika tambaya kafin ki zuba. Kar ki yi da shi. Ba wai zai cutar da wani ba ne, wahala kawai zaki sha, a ƙarshe kuma ruwan masoro zaki kai wa maigida.

Ɗauki ƙwayar masoro ɗaya ki ajiye kusa da ta gahawa ki gani da idonki. Ramin da ke saman haƙoran abin nan daidai masoro aka yi shi, ita kuwa ƙwayar gahawa ta ninka shi girma, sai ta zauna a bakin ramin tana ta juyawa ta ƙi faɗawa, ke kina murɗawa hannu na ciwo ba abin da ke fitowa sai 'yar ƙura. Ko kin farfasa su kafin ki zuba, abin nan barbaɗe aka yi shi ya fitar a kan ƙwai ko farfesu, alhali kofi ɗaya na cin cokali biyu na gari, wajen giram 10 ke nan, toh lissafa min ranar da maigida ya shigo da abokansa huɗu. Sannan gahawa akwai kwasar wari, duk abin da ta raɓa sai ta ɗauki ƙamshinsa, maiƙon masoron da ya liƙe a haƙoran nan kuwa wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Ga kuma abin da ya fi damuna, yawancin waɗanda ake haɗa wa amare a saitin kicin haƙoransu na roba ne, gahawar Saudiyya kuma sama-sama suke gasa ta, shi ya sa kike ganinta ja-ja ba baƙa ba, kuma irin wannan ta fi wadda ta gasu sosai tauri. Haƙoran su gutsire, robar ta bi garin, ki yi asarar abu biyu.

Kamfanin Peugeot ɗin nan ma da muka sani da fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, tun kafin su fara mota abin niƙa suke ƙerawa a Faransa, na gahawa a 1840, na masoro sai a 1874, kowanne da irin haƙorinsa. Su da suka ƙware ba su haɗa wa guda ɗaya aiki biyu ba.

Yanzu ga abin da zaki yi. Fara duba 'ya'yan tukuna, in kin gansu kore-kore ko ruwan toka suna warin ɗanyen haki toh ɗanyu ne, kar ki kuskura ki daka su haka, ko turmi sai ya ji a jikinsa. Ki ɗora kasko busasshe ba mai a wuta matsakaiciya, ki zuba kaɗan ki yi ta juyawa ba tsayawa, bayan kamar minti goma zaki ji suna ƙara kamar gugguru, hayaƙi na tashi, toh daga nan ki sa ido, launin da kike so ya yi ki juye a faifai ki bakace ɓawon ki bari su huce sarai. In kuma gasassu ne kin huta. Sai ki aika Tsohuwar Kasuwa a sayo miki ɗan ƙaramin turmi sabo, na ƙarfe ya fi in an samu don ba ya shan wari, in na icce ne ki yi masa alama ki gaya wa kowa a gidan cewa ba na yaji ba ne, ba na daddawa ba. Ki daka iya na ranar, ki tankaɗe, tsakin ki mai da shi turmi. Ba sai ya yi laushi kamar fulawa ba tunda tafasawa zaki yi, ki jefa hel, wato cardamom, ko 'yar citta, ki bari garin ya kwanta sannan ki tsiyaye. Mutanen Habasha da gahawar ta samo asali a wajensu har yau a turmi suke dakawa a gaban baƙo, ba wanda ya ce sun ci baya. Ki haɗa da dabino ki aika wa Hajiya nata a filas, zaki ba ni labari.

Tambaya: Adda ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi. In na kai injin niƙan unguwa fa, ba shi ke nan ba?

Amsa: Injin da ya wuni yana cin barkono da masara da waken suya? Ɗan kofin naka rabinsa zai maƙale a ciki ya bi garin tuwon mai zuwa bayanka, rabin da ya fito kuma ya zo maka da yajin wanda ya riga ka, ga zafin faifan ƙarfe ya kashe ƙamshin. Mai injin ma ba lallai ya tada maka shi kan wannan ba. In akwai bilenda mai ƙaramin kofin busassun kaya, ka fara niƙa ɗanyar shinkafa hannu ɗaya a ciki ka zubar ka goge da busasshen ƙyalle, sannan ka zuba gahawar kana kunnawa kana kashewa kana girgizawa. In babu, ƙulle su a tsumma mai tsabta ka samu taɓarya.

Tambaya: Na daka na tankaɗe har sau uku amma na zuba a ruwan zafi ya ƙi narkewa kamar Nescafe. An cuce ni ko?

Amsa: Haba malam. Ba wanda ya cuce ka. Wancan na mai shayi an riga an dafa shi a masana'anta an busar da ruwan, shi ya sa yake narkewa. Naka ko shekara zaka yi kana daka ba zai narke ba, tafasawa ake a tace. Ganyen shayi ka taɓa ganin ya narke?

Tambaya: Adda duk wannan wahalar ta mece ce? Ga gari nan niƙaƙƙe ana sayarwa a ƙulli da robobi, har a WhatsApp ana kawowa gida, kuma ya fi arha. Daga wata 'yar'uwa a Fadaman Mada.

Amsa: Yawwa, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, sai ki gyara zama. Kin tambayi kanki yadda aka yi abin da aka gasa aka niƙa aka ƙulla aka biya ɗan acaɓa ya kawo miki har gida ya fi ɗanyensa arha? Wa ya yafe miki ladan aikinsa a wannan zamanin? Ƙwaya in kin riƙe ta a hannu kin san ta, ga tsagar nan a tsakiya, ba mai iya ƙera ta da masara. Amma da zarar abu ya zama baƙin gari ido ya daina aiki, gasasshiyar masara baƙa ce, gasasshen waken suya baƙi ne, ƙonannen sikari baƙi ne, ƙwallon dabino ma in ya gasu aka niƙa ba mai bambance shi daga nesa, a ɗan zuba na gaske a sama don ƙamshi ya bugi hanci in an buɗe, shi ke nan ciniki ya faɗa. Ni ba na faɗa da masu gahawar ƙwallon dabino da suke faɗin sunanta, sana'a ce mai kyau kuma akwai masu sonta don ba ta hana barci, faɗana da wanda zai sayar min da ita da sunan ta Yaman ko ta Habasha ya karɓi kuɗin ta Habasha.

Ga ɗan gwaji na gida. Cika kofin gilashi da ruwan sanyi, ki barbaɗa ƙaramin cokali na garin a sama kar ki juya. Gahawa tsantsa saboda maiƙonta yawancinta sai ta tsaya a sama na ɗan lokaci, ruwan bai canja sosai ba. In kin ga nan da nan yana nutsewa yana jan zaren launin ƙasa zuwa ƙasan kofin, toh akwai magana. Ba gwajin ɗakin bincike ba ne, amma ya isa ki san ko zaki koma wajen mai kayan.

Ko da ma tsantsa ne ba haɗi, gari ba ya jira. Ƙwaya tana riƙe ƙamshinta makonni in tana rufe a kwalba, gari kuwa daga an niƙa ƙamshin ya fara tafiya, balle wanda ya kwana a ledar ƙulli a kan tebur kusa da magi da sabulu cikin ranar Bauchi ta watan Afrilu. Kuɗin ƙamshi kika biya aka ba ki dusa.

Wanda ya fi ɗaga min hankali kuma shi ne waɗannan 'yan fakitin masu hoton doki ko siririyar mace, wai kofin maza, wai kofin rage ƙiba. Jama'a ku ji tsoron Allah ku tausaya wa jikinku. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama irin waɗannan da maganin asibiti a ɓoye a ciki ba a rubuta ba, na maza da sildenafil, na rage ƙiba da sibutramine wanda aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mutum yana shan maganin zuciya ya zo ya ɗora wannan a kai bai sani ba, jini ya faɗi ƙasa warwas, a ce aljanu ne. Kuma masu saye ba yara ba ne, magidanta ne masu furfura, a ɓoye, shi ya sa in ya cuce su ba sa faɗa. Duk abin da ya zo a fakiti ku nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa da adireshin wanda ya yi shi, na san masu jabu ma suna buga lamba, amma wanda ko wahalar bugawar bai yi ba ai ya riga ya gaya muku ko shi wane ne. Ke dai 'yar'uwa sayi ƙwaya. In ta waje ta yi miki tsada, ana noma gahawa mai kyau a tsaunin Mambila can wajen Gembu a Taraba, ki ba mai zuwa can saƙo.

Tambaya: Adda ni ma'aikaci ne a Azare, na ga injin niƙa gahawa mai lantarki a wajen 'yan gwanjo, na Amurka ne wai. In saya?

Amsa: Juya gindinsa ka karanta kafin ka ciro kuɗi. Kayan Amurka wutar 110 zuwa 120 suke ci, tamu 220 zuwa 240 ce, kana jonawa zaka ji ƙauri, kuma ɗan gwanjo ba ya karɓar kayan da ya fita. Ko daidai wutarmu ne, kofi nawa kake sha a sati? In ba kullum ba ne bar kuɗinka, kar ya je ya tarar da injin matse lemo da na gasa burodi da ke kan kabad suna shan ƙura. In kullum ne toh nemi na hannu mai mariƙin juyawa, ka buɗe ka ga haƙoran da idonka, ƙarfe ko tangaran, ban da roba, kuma ya zama yana da abin saita laushi. Shi ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ka zo da 'yan ƙwayoyi a aljihu ka gwada a gaban mai shagon, in ya hana ka wuce gaba.

Tambaya: Adda ina da ciki wata biyar, tunda aka kawo gahawar nan nake ɗan kurɓa da safe don tana min maganin kasala, jiya wata ta ce min tana zubar da ciki. Ban yi barci ba. Daga Kumo.

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya raba lafiya, share hawayenki. Kurɓar da kika yi ba abin tada hankali ba ne. Abin da likitoci ke cewa shi ne mai ciki kar ta wuce miligiram 200 na sinadarin caffeine da ke cikin gahawa a rana, wato kamar ƙaramin kofi ɗaya zuwa biyu marasa kauri, kuma ki tuna shayi da goro da lemon kwalba baƙi su ma suna da shi, duk a lissafi ɗaya suke. Ki tsaya a ɗaya da safe, kar ki haɗa shi da lokacin shan maganin ƙarin jinin da aka ba ki don yana rage masa shiga jiki, ki ba da tazarar kamar awa biyu. Kasalar ma ki faɗa musu ranar awo su duba jininki. Masu saƙo kan tukunyar gas, na gani, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.