Amsar tambayarka kan katin kira da gudun data, tunda ka dame ni

Kai yaro na ga saƙonka tun daren jiya. Wai wata hajiya ta zo shago ba na nan ta ce ta sa katin dubu ɗaya ya ƙare tun ba ta gama gaisawa da 'yarta ba, wani kuma ya ce wayarsa na nuna 4G sanda a cike amma ko hoto ya ƙi buɗewa, kai kuma ka tsaya kana zare ido ka ce musu sai oga ya dawo. Wallahi kunya ta kama ni, a ce yaron shagona ne bai san wannan ba. Da na so in bari sai ka zo in faɗa maka da baki, to amma ku yaran yanzu duk abin da aka faɗa muku ta bayan kunne yake bi, sai an rubuto muku a waya sannan kuke ɗaukarsa da daraja.

A layin kati ba minti kake saya ba, kuɗi kake zubawa kamfani yana yanka duk sakan. Ku kun taso kun tarar da haka ne shi yasa ba ku san daɗinsa ba. Lokacin da Econet da MTN suka fara a 2001 naira 50 ne minti ɗaya, ko sallama kawai ka yi layi ya katse an cire maka hamsin ɗinka cif, layin kansa kuwa sai mai hali, dubbai ake zubawa kafin a riƙe shi. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin sakan sannan sauran suka bi dole. Mu a ƙarƙashin lema muka koyi wannan lissafin, muna riƙe da waya mutane na layi suna biya su kira, idonka na kan agogo, in ka yi sakaci ribar yini ta tafi. Econet ɗin nan ita ce ta koma Vmobile ta koma Celtel ta koma Zain, yau kuke ce mata Airtel, na san ko wannan ba ka sani ba.

To kowane layi yana kan wani tsari, kuma kowane tsari da kwabonsa a sakan. A ce ana cire kwabo 23 a sakan, minti ɗaya ya kama naira 13 da kwabo 80, katin naira 100 zai ba mutum minti 7 da 'yan sakanni. Lissafin firamare ne. Inda ake kama mutanenmu shi ne bonas. Mutum ya ji an ce sa ɗari a ba ka ɗari uku kyauta sai jiki na rawa ya koma tsarin, bai tambayi nawa ake yanka daga cikin bonas ɗin ba. A ce kwabo 60 ne a sakan, ɗari ukun nan minti 8 da sakan 20 ce kawai, ka ga da kaɗan ta fi ɗarin gaskiya, ga shi tana da kwanakin mutuwa, yawanci ba ta sayen data ba a tura wa wani ita, kuma sau da yawa tsarin da ke ba da bonas mai yawa shi ya fi tsada ko a ainihin kuɗinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani tsarin kuma mintin farko na yini ne mai tsada sannan ya sauko, wanda ke doguwar hira zai ji daɗinsa, mai kiran "kana ina, gani nan" sau ɗaya a yini kuwa kullum mai tsadar yake biya.

Ita hajiyar taka abu uku zaka duba mata kafin ka buɗe baki. Ko ta ci bashin kati ta manta, ana sa sabo za su zare nasu har da ladan aro. Ko an maƙala mata waƙar kira da saƙonnin nan na labarin ƙwallo da kacici-kacici da ake cira kullum, sau tari jikoki ne ke danna mata ba ta sani ba. Ko kuma datarta ta ƙare wayar ta juya kan kuɗin kira tana sha, wannan shi ne mugun, waya na aljihu tana afdet kati na narkewa. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta haɗe lambobin sun zama iri ɗaya a duk layuka, *310# kuɗi, *323# data, *303# bashi, *305# na cire tarkacen da aka maƙala. Kuma ka tuna mata a Janairun 2025 an amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari, dubu ɗayan da ta sani da ba ita ce ta yanzu ba. Yadda ake sa kati da sauya tsari ba zan ɓata yatsana a kai ba, in ba ka iya ba ka koma gida ka kama tallan gyaɗa.

Sai maganar gudu. Sandunan nan da ke saman waya ƙarfin siginar da ke tsakaninka da eriya kawai suke nunawa, ba ruwansu da ko eriyar tana da sauran wuri. Kamar famfon unguwa ne, kana tsaye dab da shi amma in mutum ɗari suka jera bokiti ɗigo zaka samu. Shi yasa layin da ke tashi kamar me da asuba, bayan isha'i in kowa ya kwanta ya buɗe TikTok sai ya zama kunkuru, haka cikin kasuwa da rana tsaka, haka ranar sallah. Wani lokacin ma ba cunkoso ba ne, masu aikin titi sun tsinke wayar faiba a ƙasa, ko man janareton eriyar ya ƙare. Ka tuna watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, har bankuna suka tsaya, ranar mutane nawa suka kawo mana waya wai a gyara, lafiyarta ƙalau. Harafin gefe kuma ka san shi, E ka haƙura kawai sai dai rubutun WhatsApp, H da H+ shi ne 3G, sai 4G, sai 5G da MTN ta fara a 2022 Airtel ta biyo a 2023, shi ma unguwanni ne ƙalilan kuma sai wayar da ke ɗauka. In mutum na kira ya ga 4G ta koma H ba lalacewa ba ce, wayar da ba a kunna mata kira ta kan 4G ba dole ta sauka ƙasa ta yi kiran ta dawo. Akwai kuma wayoyin hannu da ake shigowa da su daga waje, 4G ce a rubuce amma ba ta kama zangon da wani layin ke aiki da shi a nan, sai ka ga wannan layin na gudu a cikinta wancan ya ƙi.

Masu ce maka 4G na shan data kuwa, ba ita ke sha ba, YouTube ne da ya ga hanya ta buɗe sai ya ƙara kyan hoto da kansa, ka rage musu a setin su tafi.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu shi ne anlimited, don tambayarka ta tayar min da wani miki. Babu wata data mara iyaka a farashin talaka. Akwai adadin da aka ɓoye a ƙananan rubutu, kana cinye shi ba za a yanke ka ba amma za a shaƙe gudun. Ka riƙe wannan, da Mbps ake auna gudun data, Mbps 8 shi ne MB ɗaya a sakan, fim mai MB 700 zai sauka a kusan minti 12. In aka shaƙe ka zuwa kbps 512, wato wajen rabin Mbps ɗaya, fim ɗin nan sai ya ci wajen awa 3. Data na nan, sanda a cike, 4G a rubuce, aiki ne babu.

Shekarun da 4G ta fara yaɗuwa a Kano wani mutum ya shigo min shago, shadda tana ƙyalli, makullin mota a hannu, turare ya cika wuri, yana ta Alhaji Alhaji kamar tare muka yi Arfa. Ya ce rawuta yake so, na'urar nan mai raba intanet ta wifi, guda biyu, ɗaya gidan uwargida ɗaya gidan amarya, iyali su yi WhatsApp yara su yi karatu, kuma a sa masa anlimited na wata. Na zaunar da shi na ba shi ruwa na yi masa bayanin nan da na yi maka yanzu tiryan-tiryan, na ce Alhaji in an ci kaza gudu zai faɗi, ya ce haba ai mu ko rabinsa ba za mu ci ba. Ya ba da rabin kuɗi ya ce ciko ƙarshen wata, ni kuma da kuɗin aljihuna na saya masa datar duka biyun, na saita na gwada a gabansa bidiyo na tafiya ba ko tsayawa, har yana cewa masha Allah.

Sati bai zagayo ba sai ga shi ranar Juma'a bayan an sauko, daidai lokacin da shago ya cika, da wasu ƙarti biyu a bayansa, ya dire kwalaye a kan gilas yana ihu wai na sayar masa da jabu, wai ni ɗan damfara ne, mutane su yi hattara da shagon nan. Kwastomomin da ke tsaye da kuɗi a hannu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Na duba layukan, duka biyun an cinye adadin tas. Wace uwargida ce zata cinye wannan a 'yan kwanaki? Ashe mutumin nan shagon tura fina-finai gare shi, kwana ake ana sauke masu dogon zango da fassarar Indiya, da rana kuma yana sayar wa maƙwabtan shago fasawod. Ya kwashe romon cikin kwanaki, da aka shaƙe shi sai ya ga bari ya dawo min da ƙashin. Na ce Alhaji ban faɗa maka ba? Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah ban taɓa faɗa ba. Yaron da ke shago ranar da aka yi cinikin, wanda zai zame min shaida, ya tafi sayen awara ya daɗe abinsa, irinku ne dai.

Aka kai magana gaban dattawa, ka san hukuncinsu, a yi sulhu, kai ne mai shago kai zaka yi haƙuri, sunanka ya fi kuɗin. Na mayar masa da rabin da ya bayar, kuɗin data ya bi ruwa, na karɓi kayana. Sai da dare na buɗe kwali na biyu, abin da na gani har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ba rawutata ba ce a ciki. Wata tsohuwa ce mai launi iri ɗaya, wurin cajin ya ƙone, lambar jikinta daban ta kwalin daban. Na same shi har shagonsa, ina jin ƙarar fim na tashi, na tabbata da tawa ake aikin a bayan kanta, ya kalle ni ya ce shi abin da na ba shi ya dawo min da shi, in ina da takarda in kawo. A lokacin wa ke rubuta lamba a rasit, da amana ake ciniki. Kuɗin nan na ware su ne zan sayi injin ɓare gilashin waya, sai da shekara ta juyo sannan na iya saya, duk aikin sikirin na wannan tsakanin maƙwabcina ya kwashe. Kuma mutumin nan har gobe in muka haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu yana ya kasuwa. Ina amsawa saboda idon jama'a amma ban yafe ba, yana nan a rubuce sai mun tsaya gaban Allah.

Daga shi ne ka ga nake abin da kuke gulma a kai kuna cewa oga ya cika tsanani. Duk wanda ya ce anlimited ka tambaye shi me zai yi da ita kuma mutum nawa ne za su hau, kar ka yarda da shaddarsa. Ka tura masa adadin da gudun zai faɗi ta WhatsApp yana tsaye, ya amsa da "na gani" kafin ka taɓa kuɗinsa. Lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, ka rubuta ta a rasit, ta waya *#06# ce, ta rawuta tana ƙarƙashinta ko bayan batir. Data kuma ba a ba da ita bashi ko ubana ne ya dawo. Wanda ya tambaye ka wane layi ya fi gudu kar ka kuskura ka zaɓa masa, wanda ke tashi a nan shago wataƙila a ɗakinsa ko sanda ɗaya babu, ya sayi datar yini ta ƙaramin kuɗi ya je gida ya gwada da daddare, in ta yi masa ya dawo. In yana son lambarsa amma ya gaji da layin, tun 2013 ana ƙaura da lamba zuwa wani kamfani, in kuma rigimarsa da kamfani ce ya kira 300, suka ƙi saurarensa ya kira 622 na NCC, kai ba lauyansa ba ne.

Na kuma ji kana cewa wai nan da sallah zaka kafa teburinka a kasuwar waya ta Farm Centre. Mutumin da hajiya ta tambaye shi kati ya ce sai oga ya dawo. Gobe ka zo kafin takwas, akwai kwalin MiFi, ƙananan rawutocin aljihun nan, da aka kawo, ka zauna ka kwafe lambobinsu ɗaya bayan ɗaya a littafi, kuma ka kira hajiyar nan ta kawo wayarta in duba da kaina.