Ga mai tambaya kan haɗuwar sinadarai: ki fara da kanwa da tsamiya

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ce kin haddace jerin ƙarafan nan da aka tsara bisa saurin haɗuwarsu da wasu sinadarai, tun daga fotasiyam har zinariya, saboda JAMB, amma ba ki gane abin da ya sa wani sinadarin ke da rawar kai, wani kuma ko gezau ba ya yi ba. Na daɗe ina koyar da kimistiri a nan Katsina, kuma daidai nan yara ke tuntuɓe.

Maganar duk tana kan ilektaron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya tsakiyar atam (ƙwayar zarra) zagaye-zagaye, musamman na zagayen waje. Sodiyam yana da ilektaron 11, a jere 2, 8, 1 daga zagayen ciki zuwa na waje. Wannan ɗayan ya zame masa ƙarfen ƙafa, neman kai yake da shi. Kulorin kuwa 17 gare shi, 2, 8, 7, saura ɗaya ya cike takwas. Da sun gamu ciniki ya faɗa, sai ga gishirin miya. Fotasiyam ya fi sodiyam zafi don nasa ilektaron ɗin ya fi nisa da tsakiyar atam, riƙon sakainar kashi aka yi masa. Zinariya kuwa ta damƙe nata gam, shi ya sa 'yan kunnen kakarki ke nan da ƙyallinsu.

A cikin kananzir ake ajiye sodiyam, don ko damshin iska bai bari ba. Shekarata ta farko a aji, garin burge ɗalibai na yanko gutsure kamar ƙwayar gyaɗa maimakon ƙwayar dawa, na jefa a ruwa. Ya dinga zagaye kwanon yana huci, iskar haidurojin da ke fita ta kama da wuta ruwan ɗorawa, sai ji muka yi fau! Hannun rigata ya sha huji uku. Har yau in na gamu da 'yan ajin nan a Ƙofar Ƙaura sai sun tuna mini.

Ke ba sai kin kai nan ba. Jiƙa tsamiya ki raba kofi biyu. Ɗaya ki jefa dunƙulen kanwa, ɗayan ki zuba dakakkiya. Duka za su yi kumfa, wato asid ɗin tsamiya ya gamu da kanwa, iskar kabon dayoksaid na fita. Amma dakakkiyar za ta riga tashi, don ruwan na taɓa ta ta kowane gefe. Maimaita da ruwan ɗumi ki ga yadda zafi ke ƙara sauri. In akwai zoɓo a gida, ɗiga masa ruwan kanwa, jan zai dushe ya yi duhu. Tsiyaya lemun tsami ya dawo.

Tsatsa ma haɗuwa ce, sai dai mai tafiyar hawainiya: ƙarfe da oksijin da ruwa. Fartanyar da ta kwana a waje da damina ta fi wadda ta sha hunturu saurin ja. Kwanon rufi kuma tutiya aka shafa masa, ita ce sama da ƙarfe a jerin naki, sai ta fara cinyewa ta kāre shi.

Don Allah ki gaya wa mutan gida kada a haɗa bilic, wato ruwan wankin nan mai sa kaya fari, da ruwan asid na wanke bayi wai don ya fi fita. Iskar kulorin ke tashi, kuma tana ƙona huhu.