A ranarmu ta ƙarshe a Zanzibar ya ce zai ƙara aure

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce daga Mabera a Sakkwato, shekara 9 da aure, yara uku. Watan jiya maigidana ya ce in kai yara wurin Hajiya, za mu Zanzibar hutu. Ni da iyakata gulbin Rima, sai ga ni bakin teku a Nungwi, kwana shida ba girki ba wanki.

Ranar ƙarshe da safe muka shiga Stone Town sayen tsaraba. A kasuwar Darajani na auni kanumfari da kirfa, shi kuma ya sa na zaɓi zanen kanga biyu masu kyau, na ɗauka ɗaya na ƙanwarsa ne. Da yamma muna zaune kan rairayi, jiragen ruwa masu filafilai na wucewa, na gama haɗa akwati, sai ya ce, "Maman Khalifa, an sa rana, bayan Babbar Sallah." Anti, ashe da hannuna na zaɓa wa amarya zane.

Daga nan har Adis Ababa, har Abuja, ban ce masa uffan ba. Yanzu ko hotunan ba na iya kallo. Ƙawayena na cewa in gode Allah, wasu ko akwatin faɗar kishiya ba su samu. In tafi gidanmu ne?

Maman Khalifa, Mabera

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi yaji, amma kada ki bari a rufe miki baki da "ki gode Allah". Abin da ke cin ranki na gane shi: kin ɗauka domin ke aka yi tafiyar, sai kika tarar dannar ƙirji ce. Ga kuma zanen nan. Wannan kam bai kyauta ba, ko da a ransa gani yake gwaninta ya yi. Maza da yawa haka suke, sai su ɗauka kuɗin jirgi na sayen haƙuri.

Ki bari yara su kwanta, ki gaya masa wannan ɓacin ran shi kaɗai, ba tare da kin sako yarinyar ba, don ba ita ta zaunar da ke bakin teku ba. Wata rana daban ki yi maganar da za ta amfane ki: ina za a ajiye ta, gida ɗaya ko daban? Kuɗin cefane da na makarantar yara fa? Aya ta 3 a Suratun Nisa'i da ta ba shi dama ita ce ta ɗora masa adalci. Ki kuma sani tun yanzu, in budurwa ce kwana 7 nata ne, in bazawara ce 3, sannan a koma rabon kwana, kada ya zo miki bagatatan.

In ya ƙi zama, sai Hajiya ko waliyyinki su shigo. Hotunan kuwa ki tura wa 'yar'uwarki ta ajiye miki, kada ki goge su cikin fushi.

Anti