Hotunan tsakar rana na gidan abinci: ra'ayin wa za a nema kafin a biya mai hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a bakin titin Kano zuwa Zariya, kusa da Kwanar Dangora. Ɗana ya ɗauki hotunan wurin da wayarsa da tsakar rana, lokacin da motoci suka fi tsayawa, muka sa a WhatsApp da Facebook. 'Yan uwa da ƙawaye duk sun ce hotunan sun yi kyau, amma ban ga ciniki ya motsa ba, kuma ni a idona abincin ya fito fari fat, fuskokin mutane kuma sun yi duhu. Wani mai hoto ya ce in ba shi Naira dubu 40 ya sake ɗauka. Ta yaya zan samu wanda zai gaya mini gaskiya game da hotunan, kuma ya kamata in kashe wannan kuɗi? Daga Hajiya mai abinci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Shawarata ita ce kada ki biya kuɗin nan tukuna, domin har yanzu ba a gano inda matsalar take ba. Tana yiwuwa haske ne ya ɓata hotunan, tana yiwuwa abin da aka ɗauka ba shi ne abin da matafiyi yake son gani ba, sannan tana yiwuwa hotunan ba su ma kai ga idon masu tsayar da mota ba. Daga cikin ukun nan, na farko ne kaɗai mai hoto zai iya gyara miki da kyamararsa, kuma shi ma rabinsa ɗanki zai iya gyarawa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Idonki bai yaudare ki ba game da hasken. A yankinmu, daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana, rana tana kusan tsakar kai, musamman a bazara, sai haske ya faɗo daga sama kai tsaye, goshi da hula da ɗankwali su jefa inuwa a kan idanu, farin faranti da tuwon shinkafa da rufin kwano kuma su riƙa mayar da haske har su ƙone a hoto. Idon mutum yana iya ganin cikin rumfa da kan titi a lokaci guda, amma kyamarar waya dole ta zaɓi ɗaya: idan ta daidaita kanta da hasken titi, cikin rumfa ya yi duhu, idan kuma ta bi cikin rumfa, titi da sararin sama su zama fari. Idan rumfar taki shuɗin tamfol ce, akwai ƙarin illa, domin launinsa yana sauka a kan abinci, sai miyar taushe da aka sauke yanzu ta fito kamar wadda ta kwana.

Maganin wannan shi ne a raba aikin gida biyu. Hoton abinci a ɗauke shi a cikin inuwa, a kan teburin da ke bakin rumfa inda haske yake shigowa daga gefe, bayan an goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin hayaƙi da maiƙon wurin girki suna dushe shi ba tare da mai waya ya lura ba. A kashe filasha, a taɓa fuskar wayar daidai kan abincin domin ta auna haskensa, a matsa kusa da ƙafa maimakon a jawo hoton da yatsa, kuma idan wayar tana da HDR, wato tsarin da ke daidaita wurin haske da wurin duhu a hoto ɗaya, a kunna shi. Hoton gaban gidan abincin da allon suna kuwa, a bar shi sai da safe ko bayan la'asar. Da yake titin ya miƙe ne daga arewa ya nufi kudu, shagunan bakinsa ko dai suna kallon gabas ko yamma, saboda haka wanda ke kallon gabas safiya ce lokacinsa, wanda ke kallon yamma kuma yammaci. Ranar da aka tashi da gajimare a damina ma ta dace, domin hasken yana yin laushi.

Duk da haka kada ki goge hotunan tsakar ranar gaba ɗaya. Jerin motoci a ƙofar gidan abinci shaida ce da matafiyi yake yarda da ita, domin ya san wurin da ake cinkoso abincinsa ba ya kwana. Irin wannan hoto a ɗauke shi daga tsallaken titi, yadda za a ga taro ba tare da an gane fuskar kowa ba. Wanda fuskarsa za ta fito sarai a nemi izininsa, musamman mata, domin ba kowa ne yake son a ga hotonsa da loma a hannu yana yawo a wayoyin mutane ba, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Sai batun ra'ayi, wanda shi ne zuciyar tambayarki. Hausawa sun ce so kan hana ganin laifi, kuma 'yar uwar da ta rubuta miki Masha Allah a ƙarƙashin hoto addu'a ta yi miki da ɗanki, ba hoton ta auna ba. Ita kanta tambayar «ya yi kyau?» amsa ɗaya take da ita a bakin mai kunya. Saboda haka abin da ya kamata a canza shi ne wanda ake tambaya, da yadda ake tambayarsa, da wanda yake yin tambayar.

Waɗanda ra'ayinsu yake da daraja a nan su ne masu sa hannu a aljihu: direbobin bas da na tirela, yaran mota, fasinjan da ya ci ya biya, sai kuma wani wanda bai taɓa zuwa wurin ba, domin shi ne yake ganin hoton kamar yadda baƙo zai gan shi. Kada ke da kanki ki yi tambayar, domin direban da ya saba cin tuwonki ba zai iya kushe miki abu a gabanki ba. Ki sa ɗaya daga cikin yaran shago, kuma kada a faɗi wanda ya ɗauki hotunan. A nuna wa mutum hotuna biyu a jere, tsoho da sabo, a ce masa: da kana tafe da yunwa, wanne ne zai sa ka tsaya? Zaɓi tsakanin abu biyu ba ya sa mutum jin nauyi, don haka amsar takan zo da gaskiya. Akwai kuma wani gwaji da na fi so, wato a nuna hoton na ɗan lokaci kaɗan a janye, sannan a tambayi mutumin me ake sayarwa a wurin, a ina yake, kuma nawa yake tsammanin kuɗin faranti. Idan ya kasa faɗin na farko ko na biyu, hoton bai yi aikin talla ba ko da haskensa ya yi daidai. Idan kuma ya faɗi farashin da ya ninka naki, hoton yana korar masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda su ne galibin fasinjojin motar haya.

A riƙa rubuta amsoshin a bayan littafin ciniki. Maganar mutum ɗaya ra'ayinsa ce kawai, amma idan mutanen da ba su san juna ba suka riƙa maimaita abu guda, to a nan ne ya kamata ki tsaya. Ki kuma shirya jin abin da bai shafi ɗaukar hoto ba. Idan aka ce an hango bokitin wanke-wanke a bayan teburi, ko ledojin ruwa a ƙasa, ko ƙuda a bakin kula, wannan ƙorafi ne a kan shagon, kuma mai cin abinci yana ganinsa kullum ko da babu kyamara.

Akwai abin da masu gidajen abinci na kan hanya suka sani amma sukan manta da shi idan aka zo talla. Fasinjan motar haya ba shi yake zaɓar inda za a tsaya ba, direba ne, shi ya sa ma ake da al'adar ciyar da direban da ya kawo fasinja. Shi kuwa direba, kyan miya ba shi ne farkon abin da yake dubawa ba. Yana son filin da zai ajiye mota ya fita ba tare da ja da baya ba, da wurin sallah da ruwan alwala domin tsayuwar tsakar rana takan haɗu da azahar, da banɗaki mai tsafta wanda mata za su iya shiga, da saurin zuba abinci yadda ba zai ɓata lokaci ba. Idan a cikin hotunan ɗanki babu ko ɗaya da ya nuna filin ajiye motoci ko jerin butoci a cike da ruwa, an bar abin da ya fi jan mai yanke shawara. Na fi son hoton fili mai faɗi da haskensa bai yi kyau sosai ba, a kan hoton farfesu mai sheƙi wanda bai gaya wa direba ko tirelarsa za ta samu wurin tsayawa ba.

Ki kuma duba inda hotunan suka je. Sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma masu ganinsa su ne waɗanda kika ajiye lambarsu su ma suka ajiye taki. Ki buɗe jerin waɗanda suka kalla ki ƙirga nawa ne daga cikinsu suke bin wannan titi. Ina kyautata zaton za ki tarar yawancinsu dangi ne da maƙwabta. Gyaran wannan shi ne a fara karɓar lambobin direbobin da suka saba tsayawa a kuma ba su taki, a buɗe WhatsApp Business, wanda kyauta ne kuma yana da wurin jera hotunan abinci da farashinsu, sannan a yi wa gidan abincin rajista a taswirar Google, ita ma kyauta, domin masu motar kansu da ba su san hanyar ba can suke dubawa.

Ma'aunin ƙarshe shi ne adadin farantin da aka sayar. Ki riƙa rubuta shi kullum, kuma ki kwatanta ranaku masu kama da juna, Juma'a da Juma'a, ƙarshen wata da ƙarshen wata, ban da lokacin azumi da tafiye-tafiyen sallah da suke sauya cinikin hanya gaba ɗaya. Baƙon fuska idan ya zo biya, yaro ya tambaye shi a ina ya ji labarin wurin. Kada a canza hoto da farashi da nau'in abinci a mako ɗaya, domin idan ciniki ya tashi ba za ki san wanne ne ya ɗaga shi ba.

Game da Naira dubu 40 ɗin, lissafinta mai sauƙi ne: ki raba ta da ribar da kike samu a faranti ɗaya bayan an cire kuɗin cefane da itace ko gas da na ma'aikata. A misali, idan ribar Naira 400 ce, sai an sayar da ƙarin faranti 100 a kan cinikin da kika saba kafin kuɗin ya dawo. Idan bas mai ɗaukar mutum 18 ta tsaya rabin fasinjojinta suka ci, ana maganar sabuwar tsayuwa wajen 11 ke nan. Ba abu ne mai wuya ba idan hotunan suna isa ga direbobi, amma ba zai taɓa faruwa ba idan dangi ne kaɗai masu kallo. Kuɗin kuma ya fito daga riba, kada a taɓa jarin cefane ko a ci bashi dominsa.

Lokacin da biyan mai hoto yake da ma'ana shi ne idan za ki buga babban allo ko ƙyallen talla da za a kafa a bakin titi, domin hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, idan aka faɗaɗa sai ya farfashe. Idan kin kai nan, ki nemi ya nuna miki hotunan abinci da ya taɓa ɗauka, domin gwanin hoton biki ba lallai ne ya iya na tuwo ba. Ku yi yarjejeniya tun farko a kan adadin hotunan, da cewa zai zo sau biyu, da safe ko bayan la'asar domin gaban shago da kuma tsakar rana domin taron motoci, da cewa zai ba ki ainihin hotunan da girmansu ki yi amfani da su yadda kike so. Ki ba da rabin kuɗi, sauran sai aiki ya zo hannu. Ki kuma hana shi ƙara nama ko gyara launi fiye da abin da ake zuba wa mai saye, domin wannan ha'inci ne a ciniki, kuma direban da fasinjojinsa suka yi masa ƙorafin an yaudare su ba zai sake kawo miki su ba.

Shi allon a kafa shi da tazara kafin a iso shagon ta ɓangarorin biyu, domin motar da take gudu tana buƙatar fili kafin ta rage, kuma rubutunsa ya zama kaɗan da manyan baƙaƙe: sunan wurin, abinci biyu ko uku, masallaci da banɗaki. Kafin a kafa shi ki tuntuɓi ƙaramar hukuma a kan izini da kuɗin da ake biya na allunan talla, ki sa wannan a cikin lissafin tun kafin ki ba mai hoto kafin alƙalami.