Tambaya da Amsa: Yaya ake rayuwa a ƙaramin jirgi mai inji a tsakiyar Tekun Atlantika?

TAMBAYA: Ni mazaunin Yawuri ne, kuma tun ina yaro nake shiga jirgin ruwa mai inji a Kogin Neja. Na ji an ce akwai masu ketare Tekun Atlantika a cikin jirgin da bai fi irin namu na kasuwa tsawo ba. Ina suke samun mai a hanya, kuma yaya suke yi da barci da abinci da ruwan sha? Idan akwai Musulmi a cikinsu, yaya zai yi salla?

AMSA: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. A shekarar 1912 wani jirgi mai suna Detroit, mai tsawon ƙafa 35, ya tashi daga New York a ƙarƙashin jagorancin Thomas Fleming Day, ya isa Queenstown ta ƙasar Ailan bayan kimanin kwana 21. A 2004 kuma kamfanin da ke ƙera jiragen Nordhavn ya shirya ayarin jirage 18 waɗanda suka tashi daga Fort Lauderdale ta Amurka, suka yada zango a tsibirin Bamuda, sannan a garin Horta na tsibiran Azores, kafin su ƙarasa Jibralta. Zangon tsakiya, wato daga Bamuda zuwa Horta, ya kai mil 1,800 na teku, sama da kilomita 3,300, kuma babu tashar da za a tsaya a sayi ko lita ɗaya.

Saboda haka man da aka cika tanki da shi a tasha shi ne na tafiyar baki ɗaya, kuma shi ke yi wa matafiya doka. Jirgi mai ƙafa 40 na irin waɗanda suka shiga wancan ayari yana ɗaukar kusan lita 3,500 na man dizal. Idan aka bar shi yana tafiya mil 6 a awa, wato kamar kilomita 11, saurin da mai keke ma zai raina, abin da yake sha ba ya wuce lita 7 zuwa 8 a awa, kuma zai isa Horta cikin kwana 12 ko 13 da ragowar mai a tanki. Amma idan matuƙi ya ƙosa ya ƙara wuta domin ya sami ƙarin mil biyu kacal a awa, shan man yana iya ninkawa. Shi ya sa kowace rana ake auna abin da ya rage a gwada shi da nisan da ya rage.

Injin ba ya hutawa, ba dare ba rana, kuma a ganina kula da shi ne ainihin aikin tafiyar, tun da sitiyari na'ura ce ke riƙe da shi. A jirage da yawa duk awa ɗaya ko biyu wani zai toshe kunnuwansa ya sauka ɗakin inji, inda zafi ke sa zufa ta jiƙa riga nan take, ya haska tocila a ƙarƙashin inji ko baƙin mai yana ɗiga, ya duba fambel, ya auna zafi, ya leƙa matatar mai, sannan ya hau ya rubuta abin da ya gani a littafi. Matatar ce ta fi ba da wahala, domin girgizar teku tana tayar da dattin da ya kwanta a gindin tanki, ya zo ya toshe ta. Kunnen mutum yakan saba da ƙarar injin har ta zama kamar babu ita, amma da zarar ta ɗan sauya sai ka ga wanda ke sharar barci ya yi firgigit ya miƙe. Wani abin tsoron shi ne tsohuwar igiya ko ragar masunta ta naɗe farfela, abin da kan tilasta wa wani ya nutsa ƙarƙashin jirgi da wuƙa.

Barci kuwa karɓa-karɓa ake yi, yawanci awa uku ko huɗu kowane mutum yana gadi. Mai gadin dare yana zaune shi kaɗai cikin jan haske maras ƙarfi don kada idonsa ya daina gani a duhu, yana duban rada, wato na'urar hango abin da ke kewaye da jirgi ko da a duhu, da na'urar da ke nuna manyan jirage, domin jirgin dakon kaya da ya ɓullo daga nesa yana iya cim masa cikin kimanin minti ashirin. Wanda ya sauka gadi yakan tokare jikinsa da matasai, ko ya ɗaura ƙyallen da ke gefen gado, don kada tangaɗi ya jefo shi ƙasa. Tangaɗin teku ya sha bamban da na kogi, kuma jirgi mai inji ya fi mai filafilai da iska ke turawa wahala da shi, shi ya sa wasu ke rataya ƙarafa masu fukafukai cikin ruwa daga dogayen sanduna a dama da hagu domin rage shi. Duk da haka kwana biyu ko uku na farko yawanci na jiri da amai ne.

Abinci galibi ana dafa shi tun a tasha a daskarar, a riƙa ɗumamawa, domin tukunyar tafasasshen ruwa a ɗakin da ke rawa haɗari ce. Kayan lambu kan ƙare a makon farko, daga nan sai gwangwani da shinkafa da taliya, sai kuma kifin da fatsar da ake ja a bayan jirgi ta kamo. Ruwan sha kuma akwai na'urar da ke matse ruwan teku ta cikin wata matata mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi, ta raba shi da gishiri, amma mai hankali ba ya tashi sai da jarkokin ajiya.

Game da salla, malamai sun yi bayanin cewa mai tafiya a jirgin ruwa zai tsaya idan yana iyawa, idan kuwa yana tsoron faɗuwa ko jiri ya hana shi sai ya zauna. Alƙibla ba ta da wuyar samu tun da kamfas yana gaban matuƙi, kuma jirgin kan kwana ya wuni bai sauya inda ya dosa ba. Lokaci ne ke bukatar lura, domin mai tafiya gabas kullum alfijir yana riga na jiya fitowa, kuma tsakanin agogon Bamuda da na Azores akwai awa uku, don haka duban rana ya fi dogaro da agogon da aka saita a tasha.