Amsa kan dawakin tseren Turai da karyewar ƙafa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske dawakin tseren Turawa sun fi namu na Damagaram gudu, kuma me ya sa ake kashe su in ƙafa ta karye.

Gudu kam sun fi. Tun ƙarni na 18 ake zaɓen irinsu a Ingila don gudu kaɗai. A 1973 wani doki mai suna Secretariat ya cinye tseren Belmont a Amurka, kusan mita 2,400 cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya bar na biyu da tazarar tsawon doki 31. Har yau ba a karya wannan lokacin ba.

Matsalar tana ƙafa. Doki mai kusan kilo 500 a kan siraran ƙafafu, kuma ba ya iya kwanciya makonni ya yi jinya. In ya jingina nauyi a kan sauran ƙafafun, kofatonsu ya kumbura. Wata goɗiya mai suna Eight Belles ta zo ta biyu a tseren Kentucky Derby na Amurka a 2008, ƙafafunta na gaba suka karye, nan take aka yi mata allurar mutuwa.

Namu sun fi jure zafi da ƙishirwa. Sai dai a filin sukuwa mu daina saka ɗan doki tun ƙashinsa bai ƙosa ba.